Sunan da Aka Hana Ni Kira a Kwatano

Tun da na dawo Dakoro ban huta da tambaya ba. In na je majami'a, matan zumunta su tare ni a bakin ƙofa: "Saratu, wai da gaske ruwan teku ba ya da ƙarshe?" In na zauna tuyar ƙuli-ƙuli, maƙwabciyata Hajiya Mariama ta leƙo ta kan katanga: "Ke dai ba ki gama ba ni labarin surukin nan naki ba." Har masu zuwa sayen man gyaɗa daga Birnin Lalle ranar kasuwa sun ji na je Kwatano, kowa da abin da yake son ji. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, ga shi kuma akwai wani yanki da ban taɓa gaya wa kowa ba. To yau ga shi duka. Wanda ya sake tambayata, sai ya sayi mai kwalba guda tukuna.

Kun san autata Rahila. Karatu ya kai ta Yamai, can ta haɗu da Firmen, ɗan ƙasar Benin, Kirista ɗan'uwanmu, aka yi aure ya tafi da ita garinsu. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, amma ina Kwatano ina Dakoro ga mace mai tsohon ciki? Da aka kira ni a salula aka ce ta sauka lafiya, namiji, sai na ce tunda jego bai zo gida ba, ni zan bi shi.

Na ɗaure gero da kanwa da yaji, da kuka da daddawa. Hajiya Mariama ta kawo cuku da ƴar riga. Unguwa kaf ta zo sallama, Musulmi da Kirista, kuma duk wanda ya juya zai tafi saƙonsa ɗaya ne: "Ki ce wa Rahila barka, Allah ya raya." Na ce zan faɗa. Pasto ya yi mini addu'a a tasha, na shiga ƙaramar mota zuwa Maraɗi da akuya biyu a ƙarƙashin ƙafata.

A Maraɗi na hau bis. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata ƴar kasuwa, Zalika, mai zuwa sarin atamfa, mace mai baki kamar rediyo. Kafin mu kai Ƙonni ta san sunan marigayi maigidana, ta cinye rabin ƙulina, ta kuma koya mini cewa in na shiga Benin kada in nuna kowa da hannun hagu, kada kuma in ci abin da ban ga ƙafarsa ba. Duk inda direba ya tsaya salla, ni ma sai in sauko in sami gindin itace in yi tawa. Wajen Dogonduci wani dattijo ya ga ina zaune, ya miƙo mini butarsa. Na ce, "Na gode Baba, ni Kirista ce." Ya ce, "To ki yi mana irin taku, hanyar nan sai an taru a kanta." Ban san zan riƙa tuna dattijon nan ba sai daga baya.

Gaya muka kwana, a rumfar tasha, bisa tabarmin haya. Sauron garin nan kam ba ya jin kunyar baƙo. Da safe aka ce gadar kogin da ke kan iyaka a rufe take, sai ta ruwa. Jama'a, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba, aka ce in shiga jirgin katako da buhunan albasa da babur a ciki! Da muka kai tsakiya jirgin ya yi wani lilo, Zalika ta kama salati, ni na kama sunan Yesu, kuma dukkanmu biyu buhu guda muka rungume. Mai tuƙin yana ta dariya, wai tun kakansa ba su taɓa zubar da ƴar Dakoro ba. Na ce ai don ba mu taɓa yarda mun shigo ba ne.

A ƙetare aka ce kowa ya fito da katin dantite, wato na shaidar ɗan ƙasa, da na rigakafi. Nawa suna ƙulle a bakin zane, na yi musu ƙullin da ko ni na kasa kwancewa. Layi ya tsaya, ina ta fama da haƙori. Ma'aikacin ya yi haƙuri, har ya ce, "Sannu-sannu, Alaja." Na waiga in ga wace Hajiya ce a bayana, ashe da ni yake. Daga nan har bakin teku sunana ke nan. Mai sayar da ruwa Alaja, yaron mota Alaja. Zalika ta ce, "A nan duk mai mayafi da Hausa a baki ta je Makka ta dawo. Ki karɓa, kyauta ce." Muka yi dariya, na ɗauka abin wasa ne.

Abin da ya fi ba ni takaici a hanyar kudu ciyawa ce. Kore shar, har ƙugu, tafiyar yini guda, ba saniya ko ɗaya a kanta. Na tuna makiyayanmu na wajen Bader Gula da suke bin kara da rani, na ce kai, rabo dai daban-daban. A Paraku muka ci sakwara da miyar gyaɗa da wani cukunsu mai laushi da suke soyawa. Ba laifi, amma tuwon da ba ya bukatar tauna ban san inda yake tsayawa a ciki ba, kafin la'asar na sake jin yunwa.

Firmen ne ya tarye ni a tashar Kwatano. Lokacin biki a Yamai dattawa sun koya masa yadda ake gaida suruka, ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa, har na yaba. To a garinsu ya manta. Kafin in ankara mutumin nan ya rungume ni a tsakiyar jama'a, ya manna mini kumatu dama da hagu, yana "Mama! Mama!" Wayyo ni Saratu! Da ƙasa ta tsage da na shige. Zalika na gefe tana riƙe da ciki, da haka muka rabu ko sallamar kirki ban yi mata ba.

Gidansu bene ne, hawa na biyu. Rahila ta tare ni tun a matakala. Ta rame, ta yi haske, na ji hawaye ya zo mini. Na ce, "Ina maigidan nawa? Kai ni in gan shi." Sai ta riƙe hannuna, ta rage murya.

"Inna, kafin ki shiga, ina da roƙo."

"Mi ya faru?"

"Uwar mijina tana ciki, Mama Sesil. Da ita za mu zauna har a gama jego. Inna, don girman zumunci, muddin tana kusa kada ki ce Allah."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Kada in ce wa?"

Ta yi mini bayani tana kallon ƙofa. A wurinsu wannan suna na masallaci ne kawai. Su Mawu suke cewa da yarensu, ko Diye da Faransanci. Mama Sesil ba ciwon ƙafa ya hana ta zuwa biki ba kamar yadda aka ce mana, auren ne ba ta so, don a ganinta babu Bahaushen da yake Kirista na gaskiya. A majami'arsu har yanzu akwai masu raɗa cewa Rahila ɓoye addininta ta yi, wata rana za ta gudu arewa da yaron. "Da ƙyar na samu ta fara cin abincin da na dafa, Inna. In ta ji wannan a bakinki, komai zai koma farko."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni da aka haifa a gidan masu bi, ni da na girma ana nuna mu da baki a rijiya, yau ni za a tuhuma? Littafinmu ma da sunan nan ya buɗe. Amma na dubi idon ɗiyata na ga tsoro, kuma ita za ta zauna a gidan nan bayan na tafi. Na ce, "To, na ji."

Haka na shiga. Mama Sesil doguwa ce, kakkaura, da tabarau da babban gicciye a wuya. Ta gaishe ni da ladabi, ta dubi mayafina, ta miƙo mini jaririn. Ga yaro tuɓul-tuɓul, da goshin marigayi sak. Maganar da kowace kaka take yi tun duniya na sabuwa ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na tsaya ina jijjiga shi kamar kurma.

Ku gwada yini guda da Hausa ba tare da sunan Allah ba, ku ga. Ba ka roƙon gishiri sai da shi, ba ka tausaya wa mutum sai da shi, ba ka cewa sai gobe sai da shi. Ko tuntuɓe ka yi, shi ne yake riga ka fita. Washegari ina dama kunun kanwa ya fallatso mini a hannu, na ce "Wayyo Al..." sai na ga Mama Sesil a bakin madafa, na ƙarasa, "...basa!" Daga nan ya zame mini hanya. Yaro ya yi atishawa, albasa. Wuta ta ɗauke, albasa. Na hango teku karo na farko daga kan kabu-kabu, na ce albasa mai girma.

Rannan Mama Sesil ta tambayi Rahila mene ne wannan abu da uwarta take kira dare da rana. Rahila ta fassara mata. Baiwar Allah sai tausayi ya kama ta, wai ashe tsohuwa kwaɗayin abincin garinsu take yi. Tun daga ranar ba a ƙara ba ni abinci ba sai da tulin albasa a kai. Kifi da albasa, ƙwai da albasa, har wani farin tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye, shi ma da albasa. Ga ƙaguwa a cikin miyar kuɓewa da ƙafafunta duka, tana kallona. Na tuna gargaɗin Zalika, na ce wannan kam na ga ƙafarta, har ta yi yawa.

Kada ku ce muguwar mace ce. Ita take hawo mini da itace don ruwan wankan jego, da ta ga na ce na gas ba ya ratsa jiki. Ita ta nemo ganyen dogonyaro. Da laimar garin ta sa cukuna ya yi fumfuna, ita ta kankare ta shanya. Mukan zauna mu biyu muna tsince shinkafa, ba mai jin yaren wani, sai murmushi. Da asuba nakan ji ta a ɗakinta tana addu'a da ƙarfi, tana kiran Mawu har muryarta na rawa, in ce a raina wannan mata ta san wanda take kira. Ni kuwa sai in durƙusa in yi tawa a zuci.

Na gwada nasu, ban ƙi ba. Na ce Diye, na ce Mawu. Na san shi ɗin ne dai, ba wani ba. Amma sai in ji kamar ina kiran mahaifina Mushe, yadda ake kiran baƙon namiji da Faransanci. Addu'ata ta bushe. Majami'arsu kuma babba ce, da ganguna da fitilu, kowa yana addu'a da ƙarfi a lokaci guda, mata da manyan huluna suna rawa har gaban bagadi. Ina tsaye a cikinsu sai kewar ƴar majami'armu ta kama ni, rufin kwanon nan da ke ƙara in rana ta yi zafi, da tulun da matan zumunta ke bugawa, da yadda in mutum ɗaya ya roƙa sauran suke amsa masa. Har kiran sallar unguwarmu na yi kewa, don shi yake tashe ni addu'ar safe tun ina amarya.

Na taɓa raɗa wa yaron a kunne ina yi masa wanka. Bai gamsar da ni ba. A wurinmu albarka ba a sace take ba, a fili ake sa ta, wani ya ce amin. Wadda ba a amsa ba tana nan a rataye.

Wata Asabar Mama Sesil ta ce in shirya, za ta kai ni wani wuri. Muka ratsa babbar kasuwarsu, wadda Dakoro duka za ta shige cikinta ta ɓace, har muka iso layin ƴan albasa. Ta nuna mini buhuna jibge har sama, tana murmushi, wai ga abin ƙaunata. Ta wuce sayen kifi ta bar ni a nan. Sai na ji wani yana cewa, "Inna, a zuba na nawa?" Hausa tsantsa, irin ta wajen Madawa. Wani magidanci ne da carbi a hannu, Malam Idi. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Ya tambayi damina, na tambayi iyali. Ya ce me ya kawo ni nisa haka, na ce ɗiyata ce ta haihu.

Ya ajiye mudu, ya ce, "Kai, barka! Allah ya raya, Allah ya yi masa albarka, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne."

Na ce amin, sai kuka ya ƙwace mini. Yaron ya kusa wata biyu a duniya, kuma wannan ne karo na farko da wani ya faɗa masa haka a fili aka amsa, shi ma ba a gabansa ba, a kasuwa, daga mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Na tuna mutanen unguwa da saƙon da suka ɗora mini. Malam Idi ya rikice yana ba ni haƙuri. Da Mama Sesil ta dawo ta ga idona, na nuna mata buhunan, ta gyaɗa kai.

Ana gab da in dawo aka sa ranar miƙa yaro a majami'a. Firmen ya ce pastonsu yana so kakar da ta zo daga nesa ta yi addu'a. Rahila ta zaunar da ni ta koya mini ta Faransanci, gajeriya, na yi ta maimaitawa ina wanke-wanke har ta zauna.

Ranar Lahadi aka kira mu gaba. An yi mana anko, ni da Mama Sesil zane iri ɗaya. Aka sa mini yaron a hannu, wani ya riƙe mini mikro a baki. Majami'a cike maƙil. Na fara: "Senyer Diye, mersi." Na faɗi layi na biyu daidai. Sai maigidan nawa ya buɗe ido ya dube ni, ya kama bakin mayafina ya riƙe gam. Na nemi layi na uku na rasa. Ba wai na manta ba ne kawai, na ga jibi zan hau mota, ban san ko zan sake ɗaukarsa ba, kuma zan tafi ban ba shi abu ɗaya da na zo da shi ba.

Na ce, "Allah ya raya ka."

Mikron nan ya kai maganar har bangon baya. Mai ganga ya ɗauke hannu. Na ji wata mata ta ja numfashi. Ga ni tsaye da albarka a rataye a gaban ɗaruruwan masu bi, ba mai karɓa. Na saci kallon Rahila, kanta a sunkuye. Na ce a raina, shi ke nan Saratu, kin rushe wa yarinya gida.

Sai ta ɗago kai. Ta ce, "Amin, Inna." Ba da raɗa ba.

Na ce, "Allah ya sa ka bi Yesu Almasihu da zuciya ɗaya."

"Amin."

"Allah ya ba uwarka da ubanka abin riƙonka. Allah ya ja kwanan kakarka Sesil ta ga aurenka."

"Amin."

Ban san tsawon abin da na yi ba, duk abin da ya taru ne ya fito. Wajen ƙarshe na ji muryar Firmen ta haɗu da tata, da ta wasu tsiraru daga kujerun baya. Pasto ya ce Rahila ta fassara, ta juya ta fuskanci jama'a ta fassara duka, hawaye na zuba. Wasu suka tafa, wasu ba su tafa ba. Mama Sesil tana tsaye kusa da ni, ta ji sunanta a tsakiyar addu'ar, amma bakinta bai motsa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce an rungumi juna ba. A wajen walima ba ta zauna kusa da ni ba. Ranar tafiyata ta aiko mini da galan na manja ta hannun Firmen, ita ba ta fito ba. Rahila ta raka ni tasha, na ce ta yafe mini, na karya alkawari. Ta ce, "Ni ce ban kyauta ba da na sa ki ɗauke shi." Duk tsawon hanyar dawowa, har jirgin ruwan bai ba ni tsoro ba, hankalina yana kan wutar da na kunna na baro ta a ciki.

Yanzu ina gida, ina addu'ata da ƙarfi yadda na ga dama, amma rabin zuciyata yana hawa na biyu a Kwatano. Ina kewar warin teku da na yi ta ƙorafi a kansa. Ina kewar tsince shinkafar nan ta shiru. Watanni na yi ina kiran Rahila, in na ce yaya gida sai ta ce lafiya lau, kun kuwa san lafiya lau ɗin ɗiya mace ba ta gaya wa uwa komai.

Lahadin da ta wuce, bayan an taso daga majami'a, ita ta kira. Ina jin ƙarar cokula, ina jin muryar Mama Sesil kusa-kusa tana yi wa wani magana, ashe duk suna tebur guda. Rahila ta ce, "Inna, maigidanki ya fara zama. Ga shi, na buɗe muryar salula, kowa na ji, ki sa masa albarka."

Na ce, "Ke Rahila, ba ita ce nake ji a gefenki ba?"

Ta ce, "Ita ce. Yana kan cinyarta ma. Faɗi, Inna, muna jira."